Akushin Uwargida: Shinkafar da ta ƙi warwarewa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato shinkafa mai danƙo ta ƙasashen Asiya da kayan zaƙin da ake yi da ita. Ban yi mamaki ba da yawancinsu suka fito daga Jihar Kebbi, domin wanda ya tashi a bakin fadama ba ya ganin baƙuwar shinkafa ya wuce bai tambayi asalinta ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ƙanena da ke karatu a Malesiya ya zo hutu, ya kawo mini tsarabar wata farar shinkafa kilo 2, ya ce sunanta pulut. Na wanke ta na yi dafa-duka yadda na saba, sai ta cure ta zama dunƙule guda, da ƙyar na zare ludayi daga tukunya. Maigida ya ce ruwa na cika, ni kuwa na san hannuna. Lalatacciya aka sayar wa yaron, ko ni ce na kuskure? Daga wata uwargida, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki shaida wa maigida cewa hannunki bai yi laifi ba, shinkafar kuma lafiyarta ƙalau, halinta ne ta nuna miki. Kowace ƙwayar shinkafa tana ɗauke da sitaci iri biyu. Na farko, wanda masana ke kira amilos, shi ne yake sa ƙwaya ta tsaya da ƙafarta bayan ta dahu, ta warware daga 'yar'uwarta. Na biyu, amilofektin, shi ne mai kawo laushi da mannewa. Shinkafar da muka saba ci tana da amilos tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100, kuma turara ta da ake yi tun tana shanshera, kafin a kai ta injin casa, yana ƙara mata tauri. Ita kuwa pulut amilos ɗinta bai wuce kashi 2 ba, wani lokaci ma babu shi sam, saboda haka ko da awo kika auna ruwan, sai ta kama jikinta. Danƙon nata har ya kai magina a ƙasar Sin, a zamanin daular Ming da ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, suna cuɗa ruwan dafaffiyarta da farar ƙasa su ɗaure duwatsun ganuwa. Abin da ya riƙe ganuwa shekaru ɗaruruwa ba ludayin miya ne zai raba shi ba.

Idan kina son ki gane ta tun tana ɗanya, ki zuba kaɗan a tafin hannu kusa da tamu. Tamu tana da ɗan sheƙi kamar haske na ratsa ta, ita kuwa fara ce fat kamar alli, sai ta dahu sannan take yin sheƙi. Idan kuma akwai aidin na wanke ciwo a gida, ki ɗiga shi a kan ƙwayar da kika murƙushe: tamu za ta koma baƙi-baƙi mai shuɗi, ita kuwa ja-ja mai ruwan ƙasa.

Kuskuren da ya faru shi ne tsoma ta cikin tafasasshen ruwa. Masu ita turara ta suke yi, kamar yadda muke yi wa dambu. Ki jiƙa ta awa 6 ko ki bar ta ta kwana a ruwa, ki tsane, ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a madambaci, ki zuba ta ki rufe, ta sha tiriri minti 25 zuwa 30, kina juya ta sau ɗaya a tsakiya. A ƙasar Lawos da arewa maso gabashin Tailan, inda ita ce abincin yau da kullum, a cikin kwandon gora suke turara ta, su zuba a wani ƙaramin kwando mai murfi, kowa ya gutsuro da hannu ya mulmula loma ya dangwala a miya ko yaji. Mutanen Lawos har kirari suke yi wa kansu da 'ya'yan shinkafa mai danƙo. Duk wanda ya iya cin tuwo ba ya bukatar a koya masa cin wannan abinci, kuma na gwada ta da miyar taushe da gasasshen kifi, ba ta ba ni kunya ba.

Tunda ƙanin naki a Malesiya yake, ki tambaye shi labarin lemang, wadda ake ɗura shinkafar da madarar kwakwa a cikin kurtun gora da aka shimfiɗe da ganyen ayaba, a jingina a gefen wuta na tsawon sa'o'i, a ci da nama ranar Ƙaramar Salla. Akwai kuma pulut kuning, wadda ake rina ta da kurkur ta yi rawaya, ana fitar da ita ranar biki da ranar saukar Alƙur'ani. Matsayin da waina da nakiya suke da shi a wurinmu, shi take da shi a wurinsu.

Tambaya: Anti, ina yawan ganin bidiyon shinkafa da mangwaro ta mutanen Tailan a TikTok, kuma ga mangwaro ya cika kasuwa. Zan iya yi da shinkafar tuwo? Daga wata ɗaliba, Argungu.

Amsa: 'Yata, za ki iya, amma kada ki ɗauka abu ɗaya za ki samu. Sunan abincin khao niao mamuang, kuma su ma a watannin Afrilu da Mayu suka fi cinsa, lokacin da mangwaronsu ke nuna, kusan daidai da namu. Idan kin samu ta ainihi, wadda ake rubuta "glutinous rice" a jikin ledarta a manyan kantunan Abuja da Legas, ki turara kofi 2 yadda na bayyana a sama. Kafin ta sauka, ki ɗora madarar kwakwa kofi ɗaya da rabi a wuta kaɗan, ki zuba sukari rabin kofi da gishiri rabin ƙaramin cokali, ki juya har su narke, kada ki bari ta tafasa domin mai zai rabu da ruwa. Ki ɗebi kaɗan ki ajiye, sauran ki kwarara a kan shinkafar tana da zafi, ki rufe minti 20. Da farko za ki ga kamar ta yi iyo a ciki, ki ƙyale ta, za ta shanye tas. Sai ki yanka mangwaro a gefe, ki yaryaɗa madarar da kika ajiye, ki barbaɗa soyayyen riɗi.

Abu biyu ne suke ɓata wa masu koyo wannan girki. Na farko cire gishiri, da tunanin cewa ba shi da gurbi a abin zaƙi, alhali shi ne yake hana zaƙin gundurar mai ci. Na biyu mangwaro mai zare, wanda ya dace da tsotso a gindin bishiya amma ba ya yankuwa, don haka ki nemi ɗan aure mai tsoka wanda ya nuna sosai. Madarar kwakwa kuwa ta gida ta fi ta gwangwani: ki kankare baƙin bayan, ki markaɗa kwakwa 2 da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi, ki matse a ƙyalle.

Idan shinkafar tuwo ce a hannunki, ki zaɓi sabuwa mai gajeriyar ƙwaya wadda ba a turara ba, ki dafa ta da ruwa kaɗan maimakon turarawa, domin tiriri kaɗai ba ya ratsa ta yadda ya kamata, sannan ki rage madarar zuwa kofi ɗaya. Za ta yi laushi da daɗi, sai dai ba za ta yi wannan taunar mai jan haƙori ba, kuma idan ta huce takan yi tauri da wuri, don haka a ci ta da ɗuminta.

Tambaya: Hajiya, ina zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin saro kaya sau biyu a shekara. Abokan hulɗata sukan ba ni wata shinkafa da aka naɗe a ganye kamar alala, da wasu fararen ƙwallaye a ruwan zaƙi. Kunya takan sa in karɓa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Halal ne? Daga wani ɗan kasuwa, Jega.

Amsa: Alhaji, zuciyarka ta yi maka gaskiya da ta tsaya tambaya. Ita shinkafar tsiro ce, babu abin zargi a jikinta, maganar tana kan abin da aka ɓoye a ciki. Wadda aka naɗe a ganyen gora ana kiranta zongzi, kuma an fi cinta a rana ta 5 ga wata na 5 na kalandarsu ta gargajiya, ranar tseren kwalekwale, don tunawa da wani mawaƙi mai suna Qu Yuan da ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A arewacin Sin galibi zaƙi ake yi da ita, a sa jan wake ko wani ɗan itace ɗan'uwan magarya. A kudu kuwa, inda kake zuwa, abin da aka fi sakawa shi ne naman alade mai kitse da gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri. Akwai wata a ganyen bado mai suna lo mai gai, wadda sunanta ke nufin shinkafa da kaza, amma sau da yawa ana haɗa ta da tsiran alade, saboda haka sunan kaɗai kada ya rufe maka ido.

Fararen ƙwallayen su ne tangyuan. Da garin shinkafar ake kwaɓa su, a jefa a tafasasshen ruwa, idan sun taso sama sun dahu, tamkar ɗanwake. Inda gizo ke saƙar shi ne baƙin riɗin da ke cikinsu, domin a girkin gargajiya da kitsen alade ake murje shi don ya narke a baki. Ka kuma kiyayi abin da aka tsima, domin da wannan shinkafar ake yin giya iri-iri a Sin, kuma mirin da Japanawa ke zubawa a girki yana da barasa kusan kashi 14 cikin 100.

Mafita tana kusa da kai. Gwanzu gari ne mai tsohon tarihin Musulunci, masallacin Huaisheng da ke cikinsa yana daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar, kuma a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwarmu suke sauka, akwai gidajen abincin Musulmin Sin masu alamar halal a ƙofa. Ka nemi waɗannan abinci a can. Game da abokan hulɗa kuwa, faɗa musu gaskiya sau ɗaya ya fi karɓa a zubar a ɓoye.

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 75, yana da ciwon suga, kuma wani jikansa ya kawo masa moci na Japan ya ji daɗinsa. Mu ci gaba da saya masa? Daga wata mai karatu, Yauri.

Amsa: 'Yar'uwa, ban ba da wannan shawara ba, saboda dalili biyu. Amilofektin yana narkewa da sauri a ciki, don haka shinkafa mai danƙo ta fi tamu saurin ɗaga sukarin jini ko da ba a sa mata zaƙi ba, balle mocin kanti da ake cusa masa jan wake dafaffe da sukari. Na biyun ya fi gaggawa. Moci turarriyar shinkafa mai danƙo ce da ake kirɓawa a turmi, mutum ɗaya na dukan ta da wata taɓarya mai kama da guduma, ɗaya na juya ta da jiƙaƙƙen hannu, har ta zama curi mai jan tsiya kamar ƙaro. Idan ta maƙale a maƙogwaro ba ta fita da sauƙi, kuma a Japan ɗin kanta kowace sabuwar shekara hukumomi suna gargaɗin tsofaffi, domin ana samun masu rasa rai ta wannan hanya. Idan likitan Baba ya yarje masa ya ɗanɗana, a yanka masa ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ya jiƙa maƙogwaro da shayi tukuna, ya ci a zaune wani na kusa da shi. Haka ma yara ƙanana.

Tambaya: Mu da muke noman shinkafa rani da damina, me zai hana mu shuka wannan shinkafa mai danƙo? Daga wani manomi, Suru.

Amsa: Malam, ta fuskar jinsi babu abin da zai hana, domin ita da irin FARO 44 da ke fadamarka duk shinkafar Asiya ce, bambancinsu ta fuskar danƙo ƙwayar gado guda ce da ke sarrafa amilos. Amma akwai abin lura. Wadda ake sayarwa a leda an riga an cashe ta, ba za ta tsira ba, shigo da iri daga waje kuwa sai da izinin hukumar killace tsirrai. Sannan irin da ya fi yaɗuwa a Tailan, RD6, wanda aka fitar a 1977, yana bin tsawon yini ne, ba ya fitar da kai sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina, saboda haka ba zai yi maka noman rani ba. Ko an samu irin da ya dace, tun daga masussuka har injin casa sai an ware ta, domin idan ta gauraya da tamu an yi asarar biyun: mai dafa-duka za ta ga shinkafarta ta cure, mai turarawa kuma ta riƙa cin karo da ƙwaya mai tauri. Kafin ka ba ta ko fangali ɗaya na fadamarka, ka fara samun mai saye a hannu, domin a kasuwar Suru da ta Kamba ba a san ta ba tukuna.