Amsa: Abin shan da ya dace da abinci a shagonka

Malam, ka ce za ka buɗe gidan abinci a bakin titin Gumel, kuma ka ji a Jamus da Beljiyam kowane abinci da giyar da ake cin sa da ita, ko a gwada a nan? Kada ma ka fara. Tun 2000 Jigawa da Kano ke bin shari'ar Musulunci, Hisbah kuma na kama giya ta farfasa kwalaben. Ko babu Hisbah, wane magidanci ne zai zauna a bencinka?

Amma dabarar tasu abar ɗauka ce: abin sha mai ɗan tsami yana yanke maiƙo. Mai cin tsire ko balangu, miƙa masa zoɓo mai citta da kanumfari, sukari kaɗan. Ga Maigatari kusa da kai, a buhu za ka sayi zoɓon. Ɗanwake mai yaji kuwa kunun aya mai sanyi ke kwantar da shi, sai dai ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, don in ba ƙanƙara kafin la'asar ya lalace.

Fura da nono kar ka ajiye ta gefen tuwo. Wanda ya sha ba zai sayi malmala ta biyu ba.