Maki ya kai, amma ba a ɗauki 'yata ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka, 'yata tana aji na 11 a sakandare, makinta 3.7 cikin 4.0. Ƙungiyar National Honor Society (NHS) ta makarantarsu, wadda ke karrama ɗalibai masu ƙwazo, ba ta ɗauke ta ba, sai ga shi an ɗauki wadda ba ta kai ta maki ba. Wannan ba son kai ba ne? Wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka, 3.7 ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Sai dai tun da ƙungiyar shugabannin sakandare ta Amurka ta kafa NHS a 1921, abubuwa huɗu ake dubawa: karatu, hidima ga jama'a, jagoranci da halin kirki. Maki yana sa a saka sunan ɗalibi cikin waɗanda za a duba ne kawai. Mafi ƙanƙanci shi ne 3.0 cikin 4.0, kuma makaranta na iya ɗaga nata. Da an tsallake wannan, mai 3.9 da mai 3.4 duk ɗaya suke a gaban masu zaɓe.

Masu zaɓen malamai biyar ne da shugaban makaranta ke naɗawa. Malamin da ke kula da ƙungiyar yana zama da su amma ba ya jefa ƙuri'a, kuma rinjaye ke yanke hukunci. Abin da ke gabansu shi ne takardar bayani da ɗalibi ya cike, kuma a nan yara masu ƙwazo suka fi faɗuwa. Yarinya za ta rubuta "na taimaka wajen rabon abinci" ta tsaya, babu rana, babu yawan awoyi, babu sunan babban da zai shaida. Wata kuma takan bar gurbin jagoranci fanko don ba ta taɓa riƙe muƙami ba, alhali koyar da ƙananan ɗalibai lissafi kowane mako ko shirya aikin gayya jagoranci ne. Yaranmu an raine su da kunyar faɗin alherin da suka yi, amma malami ba zai auna abin da bai gani ba. Satar amsa ko yawan makara kuwa, suna iya rushe komai ta fuskar hali.

Ki nemi rubutattun ƙa'idojin zaɓe na reshen makarantar, hakkinku ne ku gani. Ita yarinyar da kanta ta je wurin malamin ƙungiyar ta tambayi inda ta gaza. In kun ga an saɓa ƙa'ida, shugaban makaranta ake kai wa ƙorafi, don hedikwatar ƙungiyar ba ta sauya zaɓen reshe. Ana ɗauka daga aji na 10 zuwa na 12, saboda haka mai yiwuwa tana da sauran dama baɗi. Daga yau ta buɗe littafi, duk hidimar da ta yi ta rubuta rana da awoyi, mai kula da wurin ya sa hannu.