Amsa ga mai tambaya a kan "was towed" da "on tow"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa na wannan zaure. Na ga tambayar da ƙaninmu ya ajiye tun da hantsi, kuma na zaɓi in amsa ta da murya, domin akwai kalmomi biyu a cikinta waɗanda sai an furta su a hankali ake jin bambancinsu. Ga wanda bai gani ba, motar ofishinsu ce ta mutu masa a hanyar Zariya zuwa Kaduna, ya kira janwe ta kai ta gareji, yanzu kuma an ce ya rubuta rahoto da Turanci. Ya kawo jimloli uku, wato "the vehicle towed to the garage", da "the vehicle was been towed to the garage", da kuma "the vehicle was on tow to the garage", yana so a faɗa masa wadda ta dace.

To ƙanina, ta farko da ta biyu duk kuskure ne, ta uku kuwa ba ta karya wata ƙa'ida ba, amma ba ita ce ke faɗin abin da kake nufi ba. Abin da za ka rubuta shi ne "the vehicle was towed to the garage".

Dalilin yana cikin Hausarmu, idan ka lura da kyau. Mu idan ba ma son ambaton wanda ya yi aiki, ko ba mu san shi ba, ko ambatonsa ba shi da amfani, sai mu ce an ja motar, ana jan motar, za a ja motar. Bature ba shi da wannan "an" ɗin, saboda haka sai ya ɗauko abin da aikin ya faɗa wa ya sa shi a farkon jimla, ya biyo shi da ɗaya daga cikin rassan kalmar "be", kamar "is" ko "was", sannan ya kawo siga ta uku ta aikatau, wadda a nan ita ce "towed". Idan ka cire "was" daga jimlar, ka mai da motarka ita ce mai ja, kuma mai karatu zai tsaya yana jiran ka faɗa masa me ta ja. Ina kyautata zaton daga kanun jaridu mutane da yawa suka ɗauko wannan kuskure, domin a can ana zubar da "was" da gangan saboda ƙarancin fili, a rubuta "Tanker towed to port". Wannan sassauci na kanu ne kawai, bai shafi rahoton ofis ba.

Jimlarka ta biyu ita ce ta sa na ce sai da murya. "Been" da "being" a bakin yawancinmu sauti ɗaya ne, shi ya sa hannu ma yake rikita su a rubutu. Abin da zai fitar da kai shi ne ka tambayi kanka da Hausa. Idan ana cikin jan motar ne yanzu, tana kan hanya, to "the vehicle is being towed". Idan an riga an ja ta, kuma kana sanar da wanda ke nemanta a yanzu, to "the vehicle has been towed". Idan labari kake bayarwa na abin da ya auku ana tsakar ja, misali igiya ta tsinke a kan gangara, to "the vehicle was being towed when the rope snapped". "Been" tana bin "has" da "have" da "had" ne, "being" kuma tana bin "is" da "are" da "was" da "were". Saboda haka "was been" ba ta da gurbi ko kaɗan a Turanci, komai daɗinta a kunne. Na gaba kuwa, wato za a ja, shi ne "will be towed", kuma wanda ya taɓa zuwa Amurka ya ga allunan da ake kafawa a wuraren ajiye motoci masu cewa "Unauthorized vehicles will be towed at owner's expense", ma'ana duk motar da aka ajiye ba da izini ba za a janye ta, mai ita kuma shi zai biya kuɗin jan.

A nan akwai wani tarko da nake so ka kiyaye, domin ya shafi mutuncinka a wurin aiki. Kada ka ƙara kalmar "away". Idan ka rubuta "the vehicle was towed away", abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatu shi ne ka ajiye motar a inda aka hana, jami'ai suka zo suka tafi da ita, alhali kai ne ka tsaya a rana ka nemo janwe da kanka. A ganina jimlar da ta fi dukkansu dacewa da halinka ita ce "I had the vehicle towed to the garage", wato na sa an ja motar zuwa gareji, domin ta nuna cewa da umarninka aka yi, kuma ita ce za ta share maka hanya idan ka zo neman a mayar maka da kuɗin da ka kashe.

Sai maganar "on tow". Wannan ba aikatau ba ne, bayanin halin da mota take ciki ne a daidai lokacin da take ɗaure a bayan wata. Turancin Ingila ne, kuma mu ma mun gaje shi. Kowa a cikinmu ya taɓa bin bayan wata tsohuwar mota a kan titi, an ɗaura mata kwali a gilashin baya an rubuta ON TOW da manyan baƙaƙe, direbanta yana zaune yana riƙe da sitiyari, ƙafarsa a kan birki, idonsa a kan igiya kada ta yi sako-sako. Gargaɗi ne ga na baya. Shi ya sa jimlarka ta uku take nuna motar tana kan hanya, ba ta ce ta isa garejin ba. "Under tow" kuma an fi jin ta a harkar jiragen ruwa. Jirgin nan Costa Concordia da ya kife kusa da tsibirin Giglio na Italiya a watan Janairu na 2012, sai a watan Yuli na 2014 aka ja shi zuwa tashar Genoa domin a wargaza shi, kuma a irin wannan za ka ce "the ship reached Genoa under tow". Ita kuwa "in tow" tana kallon al'amarin ne daga wajen mai ja, kamar "the truck arrived with the car in tow", har ma ana aron ta ga mutane, a ce mace ta shigo "with her children in tow", wato 'ya'yanta na biye da ita.

Game da sauran kayayyaki, mu kalmar ja ta ishe mu a komai, amma "tow" tana da iyaka. Tana bukatar abin hawa ya ja wani abu da igiya ko sarƙa ko sandar ƙarfe, kamar mota ko tirela ko kwale-kwale. Buhun da aka ja a ƙasa "was dragged" ne, amalanken da shanu ke ja kuma "is drawn" ko "is pulled by oxen". Wanda ya ja yana zuwa bayan "by", abin da aka ja da shi kuma bayan "with", saboda haka "towed by a lorry with a chain". Kuma tunda an zo wajen, karin maganar nan da ake yawan gani a jaridunmu a matsayin "tow the line", asalinsa "toe the line" ne, daga yatsan ƙafa da ake ajiyewa a kan layi, ba shi da alaƙa da janwe.

Saboda haka ƙanina, ka rubuta "The vehicle broke down on the Zaria–Kaduna road, and I had it towed to the garage", ka sa kwanan wata da lokaci, ka liƙa rasit ɗin mai janwe a baya kafin ka miƙa. Wassalamu alaikum.