Me Ya Sa Manhajoji Suke Ba Da Nisan Jirgi Daban-Daban?

Tambaya: Malam, na duba nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Changi a Singapo da filin JFK na birnin New York, sai wata manhaja ta nuna mini 15,349, wata 9,537, wata kuma 8,288. Ban da haka, layin tafiyar ya lanƙwasa ta can ƙuryar arewacin duniya maimakon ya miƙe. Ko wayata ce ta samu matsala?

Amsa: Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma alƙaluman nan uku duk daidai ne, ma'aunin ne kawai ya bambanta. Na farko kilomita ne, na biyu mil na ƙasa mai mita 1,609, na uku kuwa mil na teku mai mita 1,852, wanda matuƙa jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi. Ka shiga saitin kowace manhaja ka zaɓi kilomita, za ka ga sun zo ɗaya.

Batun lanƙwasar layi shi ne na fi so ka fahimta sosai, domin a nan ne allon waya yake ruɗar mutane da yawa. Duniya a dunƙule take, amma yawancin taswirorin waya suna shimfiɗa ta ne bisa tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a shekarar 1569, wanda yake buɗa yankunan arewa da kudu fiye da girmansu na gaskiya. Ɗauki ƙwallo da zare, ka ɗiga alama biyu masu nisa da juna, ka ja zaren ya yi tsam a tsakaninsu. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Manhaja ita ma abin da take lissafawa ke nan, ta amfani da matsayin filayen biyu da kuma nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da doronta, wato kimanin kilomita 6,371. Idan aka mayar da wannan zaren kan shimfiɗaɗɗiyar taswira, dole ya fito kamar baka.

Sai dai kada ka ɗauka jirgin zai bi wannan layi sak. Kamfanin Singapore Airlines, wanda yake wannan tafiya da jirgi ƙirar Airbus A350 cikin sa'o'i 18 zuwa 19, yakan zaɓi hanya ne gwargwadon iskar sama mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, saboda haka yakan ƙara nisa domin ya rage lokaci da mai. Akwai kuma sararin samaniyar da jirage suke kauce wa, kamar na Rasha ga kamfanoni da dama tun 2022.

Idan kana son ganin hanyar da aka bi a zahiri, buɗe manhajar bin sawun jirage ta Flightradar24 ka rubuta lambar tafiyar, SQ24, ka kwatanta layin da ya fito da wanda manhajarka ta farko ta zana.