Ƙwanji ya fito amma teɓa ta biyo shi, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Ina ɗaga ƙarfe, na ɗau watanni ina lodar abinci don jiki ya buɗe, daga kilo 68 yanzu na kai 80. Ƙwanji ya fito amma ga teɓa nan ita ma. Abokaina na jim sun ce in daina cin tuwo da shinkafa kwata-kwata, ni kuma tsoro nake kar naman da na sha wuya na tara ya zube. Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya kar ka bi wannan shawarar, in ka yanke abinci lokaci ɗaya jiki ba kitse kaɗai zai ƙona ba, har tsokar zai taɓa, kuma ƙarfen da kake ɗagawa da sauƙi sai ka ga ya gagare ka.

A hankali ake yi. Ka nemo iya abincin da in kana ci sikeli ba ya hawa ba ya sauka, sai ka rage kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) 300 zuwa 500 a rana daga nan, shi kenan. Kuma ba daga tuwo za ka fara ba, daga mai za ka fara, don giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin da ke cikin tuwo ko furotin (sinadarin gina tsoka) da ke cikin nama kuwa 4 ne kacal, cokali babba na man gyaɗa ma kusan kalori 120 ne, to ka duba man da ake malalawa a garau-garau, ga lemon kwalba ga shayi mai sukari da safe.

Furotin kuwa kar ka kuskura ka rage shi. Giram 1.6 zuwa 2.2 ake so a kowane kilo na jikinka, kai mai kilo 80 kenan wajen giram 130 zuwa 175 kullum. Furotin ɗin ƙwai ɗaya giram 6 ne, kaga shi kaɗai ba zai kai ka ba, sai ka haɗa da kifi, kaza, wake, kindirmo da awara, amma awarar a rage suya. In kana da matsalar ƙoda ka fara ganin likita tukuna.

Ka ci gaba da ɗaga nauyin da ka saba, ka samu barcin awa 7 ko fiye. Satin farko za ka ga sikeli ya sauka da sauri, yawanci ruwa ne kar ka tsorata, bayan nan kamar rabin kilo a sati ya isa. In ka ga sati biyu a jere ƙarfinka na raguwa, to ragin ya yi yawa, ka ƙara shinkafar kaɗan musamman kafin ka shiga jim.