Kar ka tsallake gwajin nan, ɗan'uwa

Salam ɗan'uwa, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Na ga tambayarka, ka ce ya faɗi a okada ya yi kwana tara bai farfaɗo ba, yanzu yana tafiya yana magana amma likita ya ce sai an masa wani gwajin ƙwaƙwalwa na takarda da biro, kai kuma kana ganin ɓarnar kuɗi ce tunda hoton kansa na ƙarshe ya yi kyau. Wallahi ka kai shi, mu ma da farko ɓarnar kuɗi muka ce a kan ɗan yayana.

Yaron a kasuwar Mile 12 ta Legas yake, shi ke riƙe wa babansa lissafin albasa, mota ta kwashe su a hanyar Ikorodu. Ranar da aka kai shi asibiti maki 7 ya samu a ma'aunin suma da suke ce wa Glasgow, ma'aunin daga 3 ne zuwa 15, kuma 8 zuwa ƙasa shi ne mai tsanani. Bayan wata huɗu ya dawo ras a ido, gaisuwa lafiya lau, har lambar wayata yana kawowa da ka. Amma ka aike shi ya ciro kuɗi wurin mai POS ya sayo gas da burodi sai ya dawo da burodi biyar ba gas, ko a jikinsa. Ya ba wani baƙo bashin buhu uku bai ko tambayi sunansa ba, ka yi magana ya hau ka da faɗa, yaron da a da ko ɗaga ido ba ya yi gaban manya. Gida aka ce iska ce, har ruƙiyya an yi.

Likitar halayyar ɗan Adam ce ta fahimtar da mu cewa gaban ƙwaƙwalwa ne ya bugu, nan bayan goshi, wurin da ke tsara aiki daki-daki da taka wa mutum birki da sa shi canja dabara in ta ƙi ci, kuma hoto ba kullum yake nuna wannan ba.

Ta ba shi takarda ya haɗa lambobi 1 zuwa 25 da layi, ya yi tsaf. Da aka ce ya riƙa cakuɗawa, 1 sai A, 2 sai B, nan ya rikice. Ta ce ya jero sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, akuya sau uku ya faɗa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na kati da ake kira Wisconsin, kana ware katuna ta launi ko siffa ko adadi, in ka yi daidai sau 10 a jere sai a canja ƙa'idar ba a gaya maka ba. Ana ce masa ba daidai ba ne yana ci gaba da warewa ta launi, ina daga gefe kamar in yi kuka don haka yake yi mana a gida.

Abu biyu dai ka kula. Ka faɗa musu gaskiyar karatunsa, akwai gwajin Stroop da ake rubuta sunan wani launi da tawadar wani launin daban a ce ka faɗi launin tawadar, to wanda allo ya yi bai saba karanta Turanci ba wannan ba zai auna shi daidai ba. Na biyu ɗakin gwaji shiru ne, mutum ɗaya ke ce maka yi kaza, wani sai ya ci gwajin amma a hayaniyar kasuwa ya kasa. Don haka ka samu ɗan littafi ka yi sati biyu kana rubuta duk abin da ya yi na ban mamaki ka tafi da shi, da magungunansa, musamman in yana shan na farfaɗiya. Ka tabbata ya yi barci sosai ya karya kafin gwajin, mu awa uku muka yi.

Ka tambaya a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, kar sunan Yaba ya tsorata ku, ba hauka ba ne. Namu yanzu ya koma kasuwa, aike ɗaya ake masa a lokaci guda kuma a tura masa a waya, shi ke ƙirga buhuna in mota ta zo, kuɗin kuma yana hannun babansa.