Mayen ƙarfe mai "kilo 50" ya kasa riƙe faranti: jabu ne?

Tambaya: Malam, ina da shagon walda, muna yin ƙofofi da tagogi. Na sayo mayen ƙarfe mai ƙarfi, a kwalinsa an rubuta kilo 50. Yarona yana huda faranti siriri da injin huda, mayen na riƙe da shi, sai farantin ya kufce ya juya, saura kaɗan ya tsarge masa hannu. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a nan. Amma ɗan'uwa, da wuya a ce jabu ne. Aikin da ba nasa ba kuka ba shi.

Wannan kilo 50 ɗin shi ne ke jefa masu walda cikin haɗari kullum. A kan ƙarfe mai kauri ake auna shi, sumul, babu fenti babu tsatsa, kuma a ja shi miƙe. Faranti mai kaurin milimita 1 ba ya iya ɗaukar ƙarfin mayen duka, sai ragowar ta zarce ta baya. Gwada da kanka: manna mayen a faranti, ka kai ƙusa ta bayansa. In ƙusar ta maƙale, to ƙarfin da kake taƙama da shi ne yake tsiyayewa. Sannan turawa ta gefe daban take da ja miƙe. A nan gugar da fuskar mayen ke yi da farantin kawai ke riƙe da shi, kuma ba ta kai rabin abin da aka rubuta. Injin huda kuwa, daidai lokacin da bakinsa zai fasa ta ƙasa yake cafke farantin ya murɗa shi, gefen ya zama wuƙa. Mai sayarwa a kasuwa zai ɗaga maka guntun ƙarfe mai nauyi ya ce "ka gani?" Ba ƙarya ya yi ba, amma shi ba ya huda komai, kuma ba yaronsa ne ke tsaye a gaban injin ba. Yaron nan amana ne a hannunka. Huda, yanka da gurza duk sai an ɗaure faranti da abin matsewa na ƙarfe, irin wanda ake murɗawa ya matse, a sa katako a ƙasa.

Aikin mayen shi ne daidaita kusurwa kafin ka ɗiga walda. Ka ɗiga biyu ko uku, ka cire shi, sannan ka ja layi. Mayen niyodimiyam (wani irin mayen ƙarfe mai ƙarfi sosai) na yau da kullum yana fara rasa ƙarfinsa in zafi ya wuce digiri 80 a ma'aunin Celsius, kuma ba ya dawowa. In injin waldarka mai DC ne, wato mai wutar da ke tafiya ta hanya ɗaya, mayen da ke kusa zai riƙa karkatar da wutar, waldar ta fito da ramuka.

Alminiyam da jan ƙarfe ba ya kama su sam. Garin ƙarfen da ke taruwa a fuskarsa ma a riƙa gogewa, yana rage riƙo. Wanda kuma aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, kada ya kusanto da shi ƙirjinsa.